Zauren Tambaya da Amsa: Likitan Wusasa da ya riƙe ABU shekara tara

A fitowar da ta gabata na ambaci sunan Farfesa Ishaya Audu a layi ɗaya kawai, ina tsakiyar wata magana daban. Ashe na taɓo inda yake yi wa mutane ƙaiƙayi. Wasiƙu sun zo da dama a kansa, na zaɓi huɗu. Masu tambaya kan wasu batutuwa su yi mini haƙuri sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Baba. Ni ɗalibi ne a tsangayar shari'a. Gardama ce ta kaure tsakaninmu a teburin mai shayi. Abokaina sun ce Farfesa Ango Abdullahi ya fi kowa daɗewa a kujerar shugabancin Jami'ar Ahmadu Bello, ni kuwa na ce akwai wanda ya fi shi. A raba mana gardama, a kuma gaya mana abin da mutumin ya yi.
Daga wani ɗalibi, Kongo.

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗana. Kai ne da gaskiya. Farfesa Ango Abdullahi ya riƙe jami'ar daga 1979 zuwa 1986, shekara bakwai ke nan. Da yake an daɗe ana jin muryarsa a rediyo yana magana da yawun dattawan Arewa, sunansa ya fi zama a bakin 'yan zamaninku. Amma wanda ya fi kowa daɗewa shi ne Farfesa Ishaya Shu'aibu Audu, daga 1966 zuwa 1975, shekara tara. Shi ne na biyu a jerin shugabannin jami'ar, kuma shi ne ɗan ƙasa na farko. Wanda ya gada Bature ne mutumin Niyu Zilan, Norman Alexander, wanda ɗakin kwanan ɗalibai na Alex da ke Samaru ya ci sunansa.

To amma in ka koma wurin mai shayin, kada ka tsaya a ƙirgen shekaru. Ka gaya musu waɗanne irin shekaru ne.

An buɗe jami'ar ranar 4 ga Oktoba 1962 da tsangayoyi huɗu da ɗalibai 426. Wasu makarantun sakandare na cikin garin nan a yau sun ninka wannan adadi. Manyan malamanta kusan duk Turawa ne da sauran baƙi, 'yan Arewa a cikinsu sai a ƙirga da yatsun hannu ɗaya. Ginshiƙinta kuma mutum ɗaya ne, Sardauna, wanda ya kafa ta, ya zama ubanta na farko. Ranar 15 ga Janairu 1966 aka kashe shi a Kaduna. Jami'ar ba ta cika shekara huɗu ba ta zama marainiya. A cikin wannan shekarar aka damƙa ta a hannun wani likitan yara da bai cika shekara arba'in ba.

Abin da ya biyo baya kun karanta a tarihi. Tarzomar watan Mayu, juyin mulkin watan Yuli, kashe-kashen watan Satumba. Ɗalibai da ma'aikata 'yan Gabas suka kwashe nasu ya nasu suka tafi, kuma da yawansu su ne masu riƙe da ɗakunan gwaje-gwaje da ofisoshi da aikin hannu. A 1967 Janar Gowon ya rushe jihar Arewa ya raba ta shida. Gwamnatin da ta haifi jami'ar, take ciyar da ita, ta wayi gari babu ita. Sai aka kafa wata hukuma ta wucin gadi, ICSA, domin kula da kadarorin da jihohin shida suka gada tare, jami'ar na ciki. Ɗakin kwanan ICSA da kuke wucewa kullum a Samaru, daga nan sunansa ya samo asali, ko da yake ban tsammanin ana gaya wa ɗalibai haka. Ka duba fa: shugaban jami'a ya koma mai iyayen gida shida, kowane gwamna da abin da ya dame shi, ga yaƙin basasa yana cin kuɗi har zuwa Janairun 1970. A haka jami'ar ba ta durƙushe ba. A 1967 ɗin nan, ana tsakiyar rikici, aka buɗe tsangayar koyon aikin likita, aka jingina ta da asibitocin gwamnati irin na Tudun Wada da na Kaduna. Komawar asibitin koyarwa Shika da kuka sani sai a 2005.

Amma abin da ni zan shaide shi da shi har gaban Allah shi ne makarantar share fagen shiga jami'a, wadda muke kira SBS. A lokacin ba a shiga digiri kai tsaye da takardar gama sakandare, sai an yi ƙarin shekara biyu na babbar satifiket, kuma makarantun da ke da waɗannan azuzuwa a Arewa kaɗan ne ƙwarai. Yaro zai gama aji biyar da sakamako mai kyau, amma babu gadar da zai taka. Jami'a tana Zariya, kujerunta kuwa ba su isa hannun 'ya'yan da aka gina ta dominsu ba. A zamanin Ishaya Audu jami'ar ta ce, to, mu za mu gina gadar da kanmu a cikin gida.

Ta wannan gadar na tsallaka. Mahaifina manomin dawa ne da gyaɗa a wani ƙauye da ke kan hanyar Soba, bai taɓa taka Samaru ba. Ranar tafiyata ya rako ni bakin titi ɗauke da akwatin ƙarfe a kansa, ya ƙi bari in karɓa. A cikin akwatin akwai riguna uku, da bargo, da ƙullin ƙuli-ƙuli da mahaifiyata ta kwana tana soyawa. Na hau bayan akori-kura zuwa Sabon Gari, daga nan na shiga motar Samaru. Da na isa aka ba ni gado da katifa da tikitin cin abinci. Daren farko na daɗe zaune a bakin gadon ina kallon ƙwan lantarki, ina tunanin fitilar aci-balbal da na yi karatun jarrabawa da ita. A ajinmu akwai ɗan Gombe, akwai ɗan Zuru, akwai ɗan Tibi daga Gboko, akwai ɗan Barno da bai iya Hausa sosai ba. Kusan dukkanmu 'ya'yan manoma ne da masinjoji da malaman firamare. Daga irin waɗannan azuzuwan aka samu likitoci da alƙalai da injiniyoyi da manyan sakatarorin da suka riƙe jihohin Arewa shekaru talatin da suka biyo baya.

An soki tsarin, na sani. Akwai masu cewa ƙofar baya ce aka buɗe wa 'yan Arewa. Ni da na zauna a ajin ina gaya maka ba ƙofar baya ba ce. Karatu ne mai zafi, wanda ya faɗi jarrabawa ana sallamarsa, na kuma ga waɗanda aka sallama suna kuka. Bambancin kawai shi ne an kawo tsanin inda ƙafarmu za ta kai.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. 'Yata ce ta dawo daga makaranta take ce mini wai shugaban ABU na farko ɗan ƙasa Kirista ne, kuma wai Bahaushe ne. Na ce mata ta sake bincikawa, ƙila dai ɗan kudancin Kaduna ne da ya iya Hausa. Mene ne gaskiyar maganar? In haka ne, yaya aka yi Sardauna ya yarda da shi?
Daga wata uwa, Tudun Wada.

AMSA: Hajiya, yarinyar ta fi ki gaskiya a wannan karon, ki sa mata albarka. Ishaya Audu Bahaushe ne gaba da baya, kuma Kirista ne ɗan Kirista. An haife shi a Anchau a 1927, garin da yake cikin ƙaramar hukumar Kubau a yanzu. Ya tashi ya yi karatunsa na farko a Wusasa.

Daga Tudun Wada zuwa Wusasa ba tafiya ba ce, amma na lura akwai waɗanda aka haifa a Zariya suka tsufa ba su taɓa shiga ba. Ki ɗauki yarinyar wata rana ku je. A gindin dutsen Kufena za ku ga tsohuwar majami'ar St. Bartholomew, ginin ƙasa irin namu na Hausa, da bakan gizo da azara, aikin maginan Zazzau. Asalin wurin shi ne wani likita Bature ɗan mishan, Dokta Walter Miller, wanda ya zauna a cikin birnin Zariya tun farkon zuwan Turawa, yana magani yana koyar da yara boko. Wajen 1929 mishan ɗin ya tashi daga cikin birni ya koma Wusasa. Miller ya iya Hausa ƙwarai, da hannunsa a fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa da ta fito a 1932. Jama'ar da ta taru a wurin Hausawa ne da Fulani, sunayensu irin namu, tuwonsu irin namu, gaisuwarsu irin tamu, addini ne kawai ya bambanta.

Ƙaramar unguwa ce, amma da yake boko ya riga isa can, abin da ta fitar ya fi ƙarfin girmanta. Likita na farko a duk Arewa, Dokta Barau Dikko, wanda babban asibitin Kaduna ke ɗauke da sunansa, tarbiyyar mishan ɗin Miller ne, kuma shi ne shugaban farko na Jam'iyyar Mutanen Arewa tun tana ƙungiyar al'adu. Janar Yakubu Gowon a Wusasa ya girma kafin ya shiga Barewa. Ishaya Audu ya bi sawun Dikko. Ya tafi Ikko ya yi kwalejin Yaba, yana cikin ɗaliban farko na kwalejin jami'a ta Badun da aka buɗe a 1948, sannan ya wuce Landan ya ƙarasa karatun likita a 1954. Ya ƙware a kan cututtukan yara. Ya yi aikin asibitin gwamnati a Arewa, ya koyar a Jami'ar Legas, ya yi bincike a Jami'ar Rochester ta Amurka.

Batun yarda kuwa, Hajiya, ya wuce inda kike tsammani. Ishaya Audu likitan Sardauna ne na kansa. Ke uwa ce, kin san ba kowa ake buɗe wa jiki ba. Mutumin da ya yi ta yawon musuluntar da jama'a a ƙauyukan Arewa, jikan Shehu, mataimakin shugaban Rabiɗatul Alamil Islami, shi ne ya miƙa lafiyarsa a hannun ɗan mishan daga Wusasa. Sardauna yana da manufar da ya sa a gaba, wato 'yan Arewa su riƙe aikin Arewa, kuma a wurinsa ɗan Arewa ya haɗa da Michael Audu Buba da George Ohikere da Sunday Awoniyi, kamar yadda ya haɗa da Ali Akilu.

Ba ina cewa zamanin ba shi da nasa rikicin ba ne. Yana da shi, wanda ya san tarihin Tibi da na NEPU ya sani. Abin da yake ci mini rai shi ne yadda tambayarki ta zama tambayar da ake yi da mamaki a Zariya. Mu da muka yi karatu a ƙarƙashinsa, masallaci yana nan a harabar, muna salla, muna azumi, ana ajiye mana abincin sahur, ban taɓa jin wani a cikinmu ya ce addinin shugaba ya tsare masa wani abu ba. Bayan rikicin addini da ƙabilanci na 1987 da na 1992 ne aka fara yi wa juna kallon hadarin kaji, unguwanni suka rabu, har aka kai yau yaro yana jin "Bahaushe Kirista" kamar an ce masa ruwa ya kama da wuta. Wannan rashi namu ne duka.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe. Ni malami ne a jami'a. Yanzu doka ta ba shugaban jami'a zango ɗaya na shekara biyar, babu ƙari. Tunda ka ce Ishaya Audu ya yi aiki a shekara tara, ba ka ganin wa'adin yanzu ya yi kaɗan?
Daga wani malami, Samaru.

AMSA: Malam, na gode. Na juya wannan tambayar a raina kwana biyu kafin in ɗauki biro.

Gaskiya ne akwai aikin da ba ya nuna a shekara biyar. Ɗalibin likita kafin ya fito sai ya shekara shida. Yaron da ka tura ƙasar waje ya yi digiri na uku, kafin ya dawo ya zauna ya karɓi sashe daga hannun Bature, shekara bakwai ko takwas sun wuce. Ishaya Audu ya samu sararin shuka irin wannan ya kuma ga tsironsa. Ya tarar da ɗalibai ba su wuce a tara su a zaure ɗaya ba, ya bar dubbai. A zamaninsa Farfesa Abdullahi Smith ya kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970, a gidan da Sardauna ya zauna. Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano ta girma a ƙarƙashin ABU har ta kai ga tsayawa da ƙafarta, ta zama cikakkiyar jami'a a 1977. Wanda ya gaje shi a 1975, Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafi, ɗan gida ne da ya koyar a jami'ar tun tana jaririya.

Duk da haka ba na goyon bayan a koma ba da zango biyu. Kai ma ka san dalili, kana ciki. Lokacin da ake yin shekara huɗu sannan a nemi ƙarin uku, rabin zangon farko yana tafiya ne a neman na biyu: a faranta wa majalisar gudanarwa, a faranta wa masu mulki, a raba muƙamai ga 'yan goyon baya, a ture wanda ake tsoro. Malamai su rabu gida biyu, kowa yana rubuta takardar ƙorafi. Zango ɗaya ya rage wannan, ko da bai kashe shi ba. Abin da ya fi damuna a yau ba gajartar wa'adi ba ce. Kowane sabon shugaba sai ya zo ya yi watsi da ginin da na baya ya fara, ya kafa nasa harsashin domin a ce shi ya yi. Ka zagaya jami'o'inmu ka ƙirga gine-ginen da ciyawa ta cinye a matakin linta. Ishaya Audu bai rushe abin da Alexander ya bari ba, ɗorawa ya yi. In majalisar dattawan jami'a da majalisar gudanarwa suna da tsarin shekara ashirin da ya fi ƙarfin son ran mutum ɗaya, shekara biyar ta isa kowa ya sa tubalinsa.

TAMBAYA: Malam, ni tsohon ma'aikacin reluwe ne, na ga zamanin da idona. Mutumin kirki ne, ban musa ba. Amma da ya shiga siyasa ya bi Zik, daga baya kuma ya ƙi barin kujerar minista da jam'iyyarsa ta ce ya bari, ashe bai ɓata rawarsa da tsalle ba?
Daga wani dattijo, Sabon Gari.

AMSA: Yaya, Allah ya ƙara girma. Ka tuna daidai, bari in shimfiɗa wa yara yadda abin ya faru. A zaɓen 1979 Ishaya Audu ne mataimakin Dokta Nnamdi Azikiwe a takarar shugaban ƙasa ƙarƙashin NPP. Suka zo na uku, Alhaji Shehu Shagari na NPN ya ci. Da yake NPN ba ta da rinjaye a majalisa, sai ta ƙulla yarjejeniya da NPP, aka ba NPP wasu kujerun minista, Ishaya Audu ya samu ta harkokin waje. A 1981 yarjejeniyar ta watse, NPP ta ce mutanenta su fito. Shi ya zaɓi ya zauna, ya riƙe ma'aikatar har 1983. Da sojoji suka kifar da gwamnati a ranar ƙarshe ta wannan shekarar, yana cikin 'yan siyasar da aka tsare.

Ba zan ɓoye maka ba, a lokacin ni ma abin bai yi mini daɗi ba. Ina saurayin malamin sakandare, jinina yana tafasa, na ga cewa wanda ya shiga ta ƙofar jam'iyya ya kamata ya fita in ta ce a fita. Har yau ina ganin wannan hujja tana da nauyi, kuma ban ce kowa ya sauke ta ba. Amma shekaru sun nuna mini ɗaya gefen. Harkar waje ba ta son canjin hannu kowace shekara, kuma lokacin ana fama da rikicin Chadi a bakin iyakarmu, ga gwagwarmayar kawar da mulkin wariyar launin fata a kudancin Afirka wadda Nijeriya ke kan gaba a cikinta. Mutumin da ya saba riƙe abu har ya ga ƙarshensa, na fahimci yadda zai ji nauyin ajiye shi a tsakiyar hanya.

Inda na fi auna shi shi ne abin da ya yi bayan an sake shi. Tsohon shugaban jami'a, tsohon ministan harkokin waje, wanda ya zauna da shugabannin duniya, yana da hanyar zama a Landan ko Legas. Samaru ya dawo. Ya ci gaba da duba marasa lafiya a ɗan asibitinsa, daga baya kuma ya duƙufa ga aikin majami'a. Shekarun da nake koyarwa a wajen, nakan bi ta gaban asibitin da safe a kan babur. Abin da nake gani mata ne a kan benci, goye da yara masu zazzaɓi da gudawa da ƙyanda, wasu daga Bomo, wasu daga Basawa, wasu daga ƙauyukan da ke bayan Shika, da ɗan kuɗinsu ƙulle a bakin zane. Yawancinsu ba su san ya taɓa zama minista ba. Likitan yara suka sani, shi suka zo gani.

Ya rasu a Amurka ranar 29 ga Agusta 2005. Na ji labarin a rediyo da yamma ina zaune a ƙofar gida. Na shiga ciki na jawo tsohon akwatin ƙarfen nan daga ƙarƙashin gado, inda nake ajiye takarduna, na nemo takardar da aka ba ni ta shiga SBS. Ta yi ja, ta tsage a wurin ninki, na kira 'ya'yana na nuna musu ita.